TSUTSAR KAƊA: DON MI MAGANI YA DAINA KASHE TA?

Ƴan uwa manoma, karatunmu na yau a kan tsutsar da ke huda ƴaƴan kaɗa ne. Manoman Majiya, da na Ƙonni, da na Gaya duk sun san ta. Wata kore ce, wata ƙasa-ƙasa, da zane a gefen jikinta. Tana huda ɗan kaɗa, ta sa kanta ciki, ta cinye. In ta gama da wannan sai ta koma ga na kusa.

Daga ina take fitowa?

Uwarta wani ƙwaro ne mai fukafukai, kamar malam-buɗe-littafi, amma da dare yake yawo. Mace guda tana iya zuba ƙwai dubu. Ƙwan ƙanana ne, farare, ɗaya-ɗaya a kan sabon ganye da fure. Bayan kwana uku sai su ƙyanƙyashe. Tsutsa ta yi mako biyu ko uku tana ci. Sa'an nan ta sauka, ta shiga ƙasa, ta yi kwanci. Bayan kamar mako biyu ta fito da fukafukai, ita ma ta zuba nata ƙwai. Ke nan cikin wata guda ɗiya ta zama uwa.

Da farkon damana ba su da yawa. Suna cin ciyawar daji da masara. Amma kowane wata sai su ninka. Shi ya sa ɓarna ta fi tsanani a watan tara da watan goma, lokacin da kaɗa ta yi ƴaƴa.

To, da rani fa, ina suke? Nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Wasu suna kwance cikin ƙasa. Wasu kuwa suna garka. Tsutsar da ke huda tumati da kuɓewa da rani, ita ce dai ta kaɗa. Gida kawai ta sake.

Yadda take sabawa da magani

Mu ɗauki misali. Akwai tsutsa ɗari a gona, ka fesa magani, casa'in da takwas suka mutu, biyu suka tsira. Waɗannan biyun jikinsu ne ya iya da gubar tun daga haihuwa. Su ne za su hayayyafa, kuma ɗiyansu za su gaji wannan ƙarfin. Wata mai zuwa ka sake fesa magani iri ɗaya. Masu rauni suka mutu, masu ƙarfi suka ƙaru. Da rani mai garka ya fesa shi ga tumatinsa. Shekara ta zagayo, tsutsa ba ta huta da wannan magani ba ko wata guda. Ana nan sai ranar da za ka fesa, ka dawo ka tarar tana cinta. Sai ka ce ɗan kasuwa ya sayar maka da ruwa. Wani lokaci haka ne, amma ba kullum ba.

Wannan abu ya faru a maƙwabtanmu. Wajen 1996 manoman kaɗa na Burkina Faso, Mali, Benin da Kodebuwa suka ga magungunan dangin firetiroyid sun rage aiki. Daga 1998 ƙasashen suka haɗa kai, suka shirya kada a fesa wannan dangi ga kaɗa sai wajen tsakiyar watan takwas. Kafin nan a yi aiki da wani iri. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo shi ne andosulfan. Ya kashe tsutsa, amma ya kashe mutane ma a arewacin Benin. A 2007 ƙasashen Sahel suka hana shi. In ka gan shi a kasuwa, kada ka saya.

Ku lura da wannan da kyau: sake sunan kwalba ba sake magani ba ne. Décis da Karate sunayensu biyu, amma danginsu guda. Tsutsar da ta saba da wannan, wancan ma ba zai dame ta sosai ba. Yanzu da kuka iya karatu, ku karanta takardar jikin kwalba, ku kai wa malamin gona ya faɗa muku dangin.

Kuma kada ku ƙara yawan magani bisa ga abin da aka rubuta, kada ku rage don tsimi. Ku riƙa zagaya gona kowane mako, kuna duba ƙwai da ƙananan tsutsa. Ƙarama ita ce ke mutuwa da sauƙi. In ta girma ta shige cikin ɗan kaɗa, magani bai kai gare ta.

Bayan an gama tsince kaɗa, a tumɓuke itacenta a ƙone. Wanda ke da shanun noma ya juya ƙasar, rana da tsuntsaye su gama da waɗanda ke kwance. Mai garka kuma kada ya ɗauki ragowar maganin kaɗa ya fesa wa tumatin da iyali za su ci.