YADDA ZA A KARE KARAS DAGA ƘWARI A ƘARAMIN LAMBU

Galibin karas ɗin da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Ikko daga Arewa motoci ke kawo shi, musamman daga Jos da Zariya da Kano, domin karas amfani ne mai son sanyi. Duk da haka Hausawa mazauna Agege da kewayenta, waɗanda suka sami ɗan fili a bayan gida ko a bakin rafi, suna iya noma shi in sun yi shuka a watan Nuwamba ko Disamba, don ya sami sanyin hunturu. Cikin wata uku ya isa cira. Abin da yakan karya wa mai lambu gwiwa shi ne ya yi ta ban ruwa yana ganin ganye, ranar cira kuwa ya tarar saiwa ta lalace.

Littattafan Turawa sukan yi maganar wani ƙuda mai huda karas. Wannan ƙwaro na ƙasashen sanyi ne, irin su Ingila. Mu a nan yawancin maɓarnatanmu cikin ƙasa suke, saboda haka tun kafin a zuba iri ake soma tsaron karas.

Mafi muni daga cikinsu ita ce wata 'yar tsutsa wadda ido ba ya iya gani. Tana son ƙasa mai rairayi da ɗumi, watau irin ta Ikko. In ta shiga saiwa, sai karas ya yi ƙulu-ƙulu, ya rabu biyu ko uku, ya yi gashi, ba mai saye. Ita ce kuma ke kama saiwar tumatir da kuɓewa da barkono. To, duk wanda ya cire tumatir daga fangali ya ga saiwar da ƙulli-ƙulli, kada ya kuskura ya shuka karas a wurin. Ya fara noma masara tukuna. In filin ƙarami ne, ba wurin canji, sai ya kafce ƙasar, ya jiƙa ta sosai, ya shimfiɗa farar leda ya danne gefunanta da ƙasa, ya bar ta mako 4 zuwa 6 a rana. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin ledar yana rage tsutsar ƙwarai. Feshin ganye ba ya taɓa ta ko kaɗan, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Kashin kaji ba ya wuya a Agege, amma lalle ne a bari ya ruɓe sarai kafin a zuba. Ɗanyen taki shi ma yana sa karas ya rabu.

Akwai kuma tsutsa mai yankan tsiro. Da rana tana ɓuya cikin ƙasa, da dare ta fito ta datse tsiron daidai gindi. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare mai yin ƙwai a kan ciyawa, don haka a nome ciyawar fangali mako biyu kafin shuka. In da safe aka ga tsiro a kwance, a tona gindinsa da yatsa, za a same ta a naɗe, a kashe.

Na sama kuwa ba su kai waɗannan wahala ba. Darɓa takan taru a ƙarƙashin ganye tana tsotse shi har ya nannaɗe. Farar nan mai zane-zane da wari, wadda ta yi yawa a Kudu da rani, ƙanananta sukan cunkushe wuri guda da sassafe, a nan ake kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu. Maganin darɓa yana jikin darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. A ɓare busassun 'ya'yanta, a daka gram 50 na ƙwayar, a jiƙa cikin lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda.

Ya kamata jama'a su tuna ɗanye ake cin karas, yara ma su ne suka fi gaigayarsa. Gamalin da iyayenmu suka sani an sa sinadarinsa cikin jerin haramtattun magunguna na duniya tun 2009. Sniper kuma, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni a 2019, kada a kusantar da shi ga abin da za a ci ɗanye. Wanda ɓarna ta fi ƙarfinsa ya ciro karas guda da saiwarsa da ƙasar jikinsa, ya kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarsa. In an ba shi magani, ya tambayi kwana nawa zai jira bayan feshi kafin ya cire amfanin, ya rubuta ranar ya ajiye.