Kati ya ce in tafi, ga Mama kwance

Tambaya: Anti, ni kaɗai ke jinyar mahaifiyata. Na samu gurbin karatu, mai duba da katin tarot ta ce in tafi. In bi maganarta?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Katin nan na wasa ne, daga Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarni na 18 Faransawa suka mai da shi abin duba. Bai san Mama ba, malamai kuma sun hana zuwa wurin masu duba. Gajiyarki dai gaskiya ce. Ina yayyenki? Ki tara su ku raba kwana, mai hali ya biya mai jinya. Ki nemi makarantar ta ɗage miki gurbin shekara guda. Ki yi istihara, ki shawarci Mama ita kanta.