Yadda Ake Kwafar Manhaja daga Mujalla zuwa Kaset a Zamanin ZX Spectrum

A shekarar 1982 kamfanin Sinclair na Birtaniya ya fitar da ZX Spectrum, wata ƙaramar kwamfuta mai madannan roba wadda ake jonawa da talabijin ɗin gida ta ramin eriya. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 16 ce ko 48, kuma da zarar an zare wuta duk abin da ke ciki ya bi iska, don haka masu ita, waɗanda da yawansu 'yan makaranta ne, suka dogara ga mujalla da rikoda.

Mujallu irin su Sinclair User suna buga manhajar wasanni layi bayan layi cikin BASIC, harshen ba wa kwamfuta umarni da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964. Mai kwafa yakan ɗora rula a ƙarƙashin layin da yake kai, ko ya sa ƙaninsa ya riƙa karanto masa, ya yi ta dannawa har dare ya raba. Ana ba layukan lamba goma-goma ne domin a bar gurbin saka wani layi daga baya. Na'urar kan ƙi karɓar layin da aka karya ƙa'idarsa, ta nuna alamar tambaya a wurin, amma ba ruwanta da lambar da aka kuskure a layukan DATA, inda ake jera ɗaruruwan alƙaluma, sai an kunna wasan ya tsaya cik sannan a koma farautar kuskuren. A wannan farauta ne yara da dama suka koyi sana'ar rubuta manhaja, tunda wanda bai fahimci aikin layi ba, da wuya ya gano inda ya karkace. Ɗaya daga cikin matasan marubutan wasanni na lokacin, Matthew Smith, yana ɗan shekara goma sha wani abu wasansa Manic Miner ya fito a 1983.

Adanawa a kaset ba ta da wuya: a rubuta SAVE da suna, a cire wayar ramin EAR, wato ramin da kwamfuta ke sauraron rikoda ta cikinsa, don kada sauti ya dawo ya gurɓata ɗauka, a danna rikodin. Kaset ɗin shi ne dai irin wanda aka sani da ɗaukar waƙa da wa'azi, sai dai gwanaye sun fi son gajere, domin zaren dogon kaset siriri ne, yana saurin miƙewa.

Inda gwaninta take bayyana shi ne wajen dawo da abin da aka adana. Kwamfutar ba ta sarrafa rikoda, sauraro kawai take yi, tana mayar da ƙarar da ke fitowa zuwa alƙaluma kimanin 1,500 a daƙiƙa, ta yadda babban wasa kan ci kusan minti biyar. Da farko gefen talabijin yakan yi ratsin ja da shuɗi mai haske, alamar an kama sautin share fage, sannan ya koma rawaya da shuɗi idan bayanai sun fara shiga. Idan murya ta yi ƙasa ratsin ba zai zauna ba, idan kuma ta yi yawa sautin ya dagule, shi ya sa gidaje da dama suke da alamar biro a jikin abin murɗa murya, kuma ba a yarda kowa ya taɓa. Ko muryar ta daidaita, kan rikoda, wato ƙarfen da zare ke gogawa, yana iya ɗan karkacewa, musamman idan a wata rikodar aka ɗauki kaset ɗin. A nan sai a zare waya, a kunna kaset a fili, a sa siririyar sukudireba a 'yar ƙusar da ke gefen kan, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana kasa kunne har ƙarar ta tashi daga dusashewa ta yi kaifi. Wanda ya yi gaggawa yakan jira minti huɗu cur sannan saƙon kuskure ya bayyana a ƙasan allo, ya mayar da zare baya, ya goge kan da auduga da sifirit, ya sake daga farko.

Masu begen wancan zamani har yau suna loda wasannin ta ramin EAR, sai dai yanzu daga wayar hannu sautin yake fitowa.