Matan Fada: Daga Wurin Su Zuwa Dandalin Baƙi

Tambaya: Malam, ni mazaunin Gesse ne a Birnin Kebbi. Na ji ana cewa Matan Fada ta Argungu tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da aka mayar wurin shaƙatawa. Haka ne?

Amsa: Malam, ka kusa gaskiya, amma akwai gyara. Idan tasha kake nufi irin ta Baro a bakin Kwara, inda a da jiragen fatake ke sauke kaya ga jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, to Matan Fada ba ta taɓa zama haka ba. Ruwan su ne na Kabawa, a hannun Sarkin Ruwa. Shi ke rufe shi, shi ke buɗe shi, bayan al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa.

Sauyin ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Gaba tsakanin Kabi da Sakkwato ta daɗe, tun jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, don haka aka shirya babban su domin karrama baƙon. Abin ya yi armashi har ya zama bikin shekara. Daga baya gwamnati ta shigo, aka gina rumfunan 'yan kallo da masaukin baƙi, aka ƙara dambe, kokawa, tseren kwalekwale da kamun agwagin ruwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ke alfahari da su.

Ranar babban su, dubban masunta ke jeruwa a bakin gaɓa, kowa da gora da homa. Bindiga na tashi sai su kwasa a guje, ƙura ta turnuƙe. Mutum zai kifa cikinsa a kan gora yana yawo bisa ruwa, ya nutsa ya laluba, in ya kama ya jefa a gorar. Cikin kamar awa guda an gama. A 2020 giwan ruwan da ta ci gasar ta kai kilo 78.

Abin da ke damuna shi ne ruwan kansa. Kifi yana girma ne saboda an hana su a wurin tsawon shekara, kuma kogin ya dogara da abin da madatsun Bakalori da Goronyo suka sako. Mun ga yadda bikin ya tsaya kusan shekara 10 kafin ya dawo a 2020. Wurin da ke raye kwana huɗu kacal a shekara bai cika wurin shaƙatawa ba. Ina roƙon gwamnatin Kebbi da masarautar Argungu su yashe kogin, su kula da gine-ginen, rani da damina.

Kai kuwa Malam, daga Gesse tafiyar ba nisa. Ka kai yara su ga Matan Fada, ku biya gidan tarihi na Kanta.