Ƙwayar Barci: Amfaninta da Aibinta

Kai mai karatu, ka san yadda rashin barci ya ke. Mutum ya kwanta ya yi ta juyi, gari ya yi tsit, shi kuwa idonsa biyu har zakara ya yi cara. In abin ya dame shi ya kan tafi asibiti, likita ya rubuta masa wata 'yar ƙwaya. Ya haɗiya da dare, nan da nan barci ya kwashe shi. To, a kan wannan ƙwaya za mu yi magana. Abin da mu ke so ka riƙe shi ne, barcin da ta ke ba mutum na aro ne. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

1. Asalinta

Cikin shekarar 1903 waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Emil Fischer da Joseph von Mering, suka bayyana wani maganin barci, aka sa masa suna Veronal. Shi da danginsa suna sa barci ƙwarai, amma tsakanin abin da ke sa barci da abin da ke kisa ba nisa. Mutane da yawa sun sha, sun kwanta, ba su ƙara tashi ba.

Saboda haka aka shiga neman wanda bai kai su hatsari ba. Wani masani a Amurka, Leo Sternbach, ya samo sabon iri. Aka fara sayar da na fari, watau Librium, cikin 1960. Cikin 1963 aka fito da ƙanensa Valium, wanda likitoci ke kira diyazefam. Shi ne wanda ka ke gani a kantunan magani na ƙasarmu. Daga 1969 har 1982, cikin magungunan da likita ke rubutawa a Amurka, ba wanda aka saya kamarsa. Sai da tafiya ta yi nisa aka ga dubban mutane sun kasa rabuwa da shi. Cikin 1988 hukumar da ke lura da magunguna a Ingila ta gargaɗi likitoci, kada su ba da irin wannan magani fiye da mako 2 zuwa 4.

Daga baya aka ƙago wani, sunansa zolfidem, aka yarda da sayar da shi a Amurka cikin 1992. Shi ma da aka zauna da shi, sai aka ga yana da nasa aibin.

2. Yadda ta ke aiki

Cikin ƙwaƙwalwarka akwai wani sinadari, masana suna kiransa GABA. Aikinsa kamar na linzami ne ga doki. In ya ja, sai tunani ya lafa, jiki ya saki. Ƙwayar barci ba ta zuwa da barci daga waje, ƙara wa linzamin nan ƙarfi ta ke yi.

Amma ka san dokin da kullum a ke fizgarsa, bakinsa ya kan taurare. Haka ƙwaƙwalwa ta ke. In ana shan ƙwaya kowane dare, bayan 'yan makonni sai ta saba, ƙwaya ɗaya ta daina yin abin da ta ke yi da. Sa'an nan mutum ya ga sai ya ƙara.

3. Aibinta

Na fari, magagin safe. Diyazefam ya kan yi kwanaki cikin jiki kafin ya fita sarai. Mutum ya tashi yana tsammani ya wartsake, alhali hannunsa da idonsa sun yi nauyi. In kai direba ne, ko mai babur, ko mai aiki da inji, ka ga ranka da na waɗansu suna cikin hatsari. Cikin 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rage wa mata zolfidem daga miligiram 10 zuwa 5, gama an sami sauransa cikin jininsu da safe.

Na biyu, mantuwa. Wani ya kan tashi cikin barci ya yi tafiya, ko ya ci abinci, ko ya tuƙa mota, da safe bai tuna kome ba. Cikin 2019 wannan hukuma ta ce ta sami labarin mutum 66 da irin wannan ya jawo musu mummunan rauni ko mutuwa bayan sun sha zolfidem ko danginsa. Mutum 20 daga cikinsu sun rasu.

Na uku, faɗuwa. Tsoho ya tashi da dare zai zaga, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi ya karye a ƙugu. Ƙashin tsoho kuwa ba ya ɗoruwa da sauri. In mahaifinka yana shan wannan ƙwaya, ka lura da shi.

Na huɗu, shi ne mafi muni. In aka gama ƙwayar barci da giya, ko da kodin, ko da tiramadol, numfashi ya kan yi ta raguwa cikin barci har ya tsaya. Mai ciwon huhu, da mai minsharin da numfashinsa ke sarƙewa, da mace mai ciki, lalle su gaya wa likita halinsu kafin ya rubuta musu.

4. Sabo

An ce sabo turken wawa, amma wannan turke har mai hankali ya kan kama. Ko wanda ya bi faɗar likita daidai, in ya daɗe yana sha, jikinsa ya kan saba. Wannan ba abin kunya ba ne, halin maganin ke nan.

Ran da ya bari farat ɗaya, kamar an sakar wa doki linzami ne. Rashin barci ya komo fiye da na da. Gabansa ya yi ta faɗuwa, jiki na rawa, zufa na karyo masa. Wani har ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, abin da ya kan kai ga mutuwa. Sai mutumin ya ce, "Ashe ciwona yana nan," ya koma wa ƙwaya. Bai sani ba, bashin barcin da ya ci ne a ke binsa.

5. Yadda a ke rabuwa da ita

In ka yi makonni kana sha, kada ka bari dare ɗaya. Tafi wurin likita ka faɗa masa gaskiyar abin da ka ke sha, kada ka rage kome. Shi zai tsara maka yadda za ka riƙa ragewa kaɗan kaɗan, kamar kashi 1 cikin 10 bayan mako 1 ko 2. Wani ya kan gama cikin makonni, wani sai ya yi watanni. Wata likita a birnin Niyukasil na Ingila, Heather Ashton, ta yi shekara 12, daga 1982 zuwa 1994, tana raba mutane da wannan magani ta wannan hanya, yawancinsu kuwa suka rabu da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka saya ba da takardar likita ba. Kada ka ba matarka ko abokinka naka. Ka ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

6. Barcin da ba na aro ba

Babban mutum yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye. Ga abin da likitoci ke koya wa mai rashin barci kafin a kai ga ƙwaya. Ka tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko da daren bai yi maka daɗi ba. Ka bar goro da shayi da kofi tun da la'asar, gama abin da ke cikinsu mai kore barci, bayan kamar sa'a 5 rabinsa yana nan cikin jini. Kada ka tsawaita barcin rana. In ka kwanta barci ya ƙi zuwa, tashi ka zauna shiru, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. In kuwa ciwo ne ko baƙin ciki ke hana ka barci, shi za a yi wa magani, gama ƙwaya rufe shi kaɗai ta ke yi.

Ƙwayar barci tana da ranarta, ga wanda wata babbar damuwa ta auka wa, na 'yan kwanaki, bisa umurnin likita. Baƙuwa ce, ka sallame ta tun ba ta zama 'yar gida ba.

Tambayoyi

1. Mako nawa aka ce kada a wuce ana shan ƙwayar barci?
2. Don me ƙwaya ɗaya ta kan daina isar mutum?
3. Waɗanne abubuwa ne ba a gama su da ita?
4. In abokinka ya ce yau zai bar ta gaba ɗaya, me za ka faɗa masa?