Ƙaramar Bindiga a Aljihu?

Tambaya: Ina fataucin albasa tsakanin Wurno da Goronyo, 'yan bindiga sun hana mu sakat. Wace ƙaramar bindiga zan saya in ɓoye a aljihu? Daga wani falke, Rabah.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare. Kada ka saya. Dokar makamai ta 1959 ta haramta fistol sai da lasin Shugaban Ƙasa; aka kama ka da ita, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙanƙanta. Kuma me za ta tsinana gaban masu AK-47 a kan babura? Ganinta ma sai ya sa su harbe ka. Ku riƙa fita ayari da hantsi, ku dawo kafin la'asar. Kuɗin ciniki ka zuba a banki ta POS. Ka riƙe lambar DPO da ta dakarun tsaron al'umma na yankinku.