Gaskit Biyu Na Canza, Har Yanzu Mota Na Shan Ruwa

Tambaya: Ina da Golf mai amfani da man gas. Ta taɓa yin zafi a kan hanya har ta mutu. Sau biyu bakanike yana canza gaskit, amma har yanzu tana shan ruwa, da safe kuma tana fitar da farin hayaƙi. Yanzu ya ce kan injin ne ya lanƙwashe. Gaskiya ne, ko injin zan canza? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya. Maganar bakanikenka tana kan hanya, sai dai tun a gaskit na farko ya kamata a auna kan injin, wato abin da ake kira tof silinda a gareji.

Kan injin irin motarka na alminiyon ne, gangar da yake zaune a kai kuma baƙin ƙarfe ce. Idan zafi ya yi yawa, alminiyon yakan buɗe kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake buɗewa, ga kusoshi sun danne shi, sai ya gantsare. Injin gas yana matse iska kusan ninki biyu na injin fetur, saboda haka ɗan giɓin da ido ba ya gani ya ishi wuta ta huda sabon gaskit.

Kafin a kwance komai, ka yi wannan gwajin da safe, inji na da sanyi. Buɗe murfin tankin ruwa, ka tayar da mota. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Rufe murfin, ka matsa babban tiyon lagireto. In ya yi tauri cikin mintuna kaɗan alhali inji bai ɗumama ba, magana ɗaya ce. Duba baƙin mai kuma, ko ya koma kalar shayi da madara.

In an sauke kan injin, a kankare ragowar tsohon gaskit tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskarsa, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, ana cusa fila geji a ƙarƙashi. A galibin ƙananan motoci iyakar da aka yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.1, kaurin takarda ke nan. A auna fuskar gangar ita ma. Sannan a kai kan a gwada shi da matsin iska cikin ruwa, domin yakan tsage tsakanin mazaunin bawul biyu, kuma kan da ya tsage ko an goge shi ruwa zai ci gaba da sha.

Batun gugar fuskar kan injin ne nake so ka tsaya a kai. A injin gas, fistin yana ɗan leƙowa sama da gangar, tazararsa da bawul kaɗan ce ƙwarai. Shi ya sa gaskit ɗin Golf yake zuwa da kauri uku, ana gane su da huda ɗaya, biyu ko uku a gefe, kuma leƙowar fistin ce ke nuna wanda za a saya. In mai guga ya ci ƙarfe da yawa, bawul zai iya karo da fistin. Ɗan lanƙwasa kaɗan, a goge sama-sama, a sake auna zurfin bawul. In kuwa kamshaf ba ya juyawa da hannu cikin sauƙi, saman ma ya karkace, gara ka nemi wani kan mai lafiya. Ba sai ka sayi inji sukutum ba.

Wajen ɗaurawa a sa sababbin kusoshi, don irin waɗannan miƙewa suke yi, sau ɗaya ake amfani da su. A ɗaure da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki kamar yadda littafin motar ya tsara.

Kada ka karɓi mota sai an gano abin da ya kawo zafin farko: famfon ruwa ne, fanka ce, ko lagireto ya toshe. In an cire tamostat, kamar yadda aka saba a garejinmu, a mayar da sabo. Ka riƙa zuba ruwan inji na kanti maimakon ruwan rijiya, kuma ranar da allurar zafi ta haura, ka tsaya ka kashe, kada ka zuba ruwan sanyi sai inji ya huce.